Jatan lande, man ayu da kurmin da muke ci ba mu san shi ba

Ranar Asabar da ta wuce uwargida ta aike ni Babbar Kasuwar Katsina da takardar cefane, a ciki har da jatan lande, wanda yanzu matanmu suka fi kira karafish. Mai kayan ya cika mini gwangwanin madara, ya faɗi kuɗi. Na ce masa, "Haba Alhaji, ai bara ban biya haka ba." Ya ce, "Wallahi Malam ba daga ni ba ne, daga can ne. Kayan ba sa zuwa kamar da." Na tambaye shi can ina. Ya ɗaga hannu ya nuna kudu, ya ce, "Can bakin ruwa." Iyakar abin da ya sani ke nan, kuma ban ga laifinsa ba, domin mafi yawanmu iyakarmu ke nan. Na san tsadar mota da faɗuwar naira suna cikin wannan farashi. Amma kalmar da ta tsaya mini a rai ita ce kayan ba sa zuwa kamar da.

Ni na san can ɗin. Na yi shekarar bautar ƙasa ina koyarwa a wata makaranta kusa da Oron, a jihar Akwa Ibom, inda kogin Kuros Riba yake buɗe baki ya shiga teku. Oron na cikin manyan kasuwannin jatan lande a ƙasar nan, daga irin waɗannan garuruwa ake loda buhunan da suke isowa har Katsina da Daura da Mai'aduwa. Abin da na gani a wannan shekara ya sa har yau ba na iya jin labarin malalar mai a rediyo in ce wannan matsalar mutanen kudu ce. Ra'ayina, wanda zan tsaya a kansa, shi ne kurmin bakin tekun Najeriya yana da haƙƙi a kan mutumin Katsina, domin muna ci daga gare shi ta hanya fiye da ɗaya, kuma hannunmu yana cikin abin da yake kashe shi.

Bari in fara da yadda wurin yake, don wanda ya tashi tsakanin gawo da kuka da aduwa ba zai iya kawo shi a zuci ba sai an zana masa. Ranar farko da mahaifin wani ɗalibina ya ɗauke ni a kwalekwale, ruwa ya cika har ganyen itatuwa suna taɓa shi. Muka yi awa shida muka juyo, sai na ga kamar an sauya mana hanya. Ruwan ya janye, ya bar taɓo baƙi wuluk mai sheƙi, itatuwan da na ɗauka a ruwa suke zaune ashe tsaye suke a kan ƙafafu. Haka teku take yi, ta cika ta janye sau biyu a yini, kullum, tun da Allah Ya halicce ta. Na ɗebi ruwan na ɗanɗana. Ba daɗin ruwan rijiya, ba kuma ɗacin teku, tsaka-tsaki ne, kamar an jefa ɗan gishiri a randa. A nan ne ayar Suratul Furƙan da muka haddace muna yara, wadda take maganar ruwa biyu, ɗaya mai daɗi ɗaya mai gishiri da ɗaci, ta zama mini abin gani da ido.

Itacen da yake mulkin wannan wuri ba mu da sunansa a Hausa, don ba ya fitowa a ƙasarmu. Masana suna ce masa mangurof. Ni ina kiransa itace mai ƙafafu. Saiwoyinsa ba daga ƙasa suke farawa ba, daga jikin gangar suke fitowa sama da tsayin mutum, su lanƙwasa kamar baka su soki taɓo, su sarƙe da na maƙwabcinsa har ba inda za ka sa ƙafa. Taɓon nan ba iska a cikinsa, saboda haka itacen yana numfashi ne ta wasu ƙananan ƙofofi a jikin saiwar da take waje. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa. Akwai wani nau'in da yake fito da saiwoyi tsaye daga ƙasa kamar an kakkafa alƙaluma dubu, shi kuma gishirin da ya sha ta ganye yake fitar da shi, in ka lashi bayan ganyen za ka ji. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne haihuwarsa. Ɗan itacen yana tsira tun yana rataye a jikin uwa, ya yi tsawo kamar sandar ganga mai tsini, sannan ya faɗo. In ruwa ya janye sai ya cake a taɓo ya kama. In ruwa ya cika sai ya yi ta yawo makonni har ya sami wurin zama.

Tsakanin waɗannan saiwoyi kuwa rai ne yake tafasa. Akwai wani ɗan kifi mai idanu a tsakar ka kamar na kwaɗo, wanda yake fitowa daga ruwa ya riƙa tsalle a kan taɓo, har ya hau saiwa ya sha rana. Akwai ƙaguwa ƙanana masu hannu ɗaya babba, suna ɗaga shi kamar masu kiran wani. Ƙananan dodon koɗi sun rufe ƙasa, mata suna tsintar su a kwando, da kuɗinsu ake biyan kuɗin makarantar yaran da nake koya wa. Kawa, wata 'yar halittar ruwa mai ɓawo biyu, tana manne a jikin saiwa. Sama kuma tsuntsaye ne, wasu 'yan gida, wasu baƙi da suke gudo sanyin Turai. Ganyen da ya faɗo yana ruɓewa ya zama abincin ƙananan halittu, su kuma su zama abincin 'ya'yan kifi da jatan lande, waɗanda suke ɓuya a sarƙaƙiyar saiwa inda babban kifi ba zai iya kutsawa ba. Sai sun yi ƙwari su fita teku. Wato kurmin nan ɗakin reno ne. Wanda ya sare shi kamar wanda ya yanka tumaki masu ciki ne ya ce yana jiran garke ya yaɗu.

Najeriya ce take da kurmin mangurof mafi girma a duk Afirka, kuma yana cikin manya a duniya. Ya bi gaɓar tekunmu mai tsawon kusan kilomita 850, daga Legas zuwa Kalaba, amma mafi kaurinsa yana Neja Dalta, a jihohin Dalta da Bayelsa da Ribas. A rairayin Akasa na Bayelsa manyan kififiyoyin teku suna fitowa da dare su haƙa rami su yi ƙwai. A dazukan fadama da suke bayan kurmin akwai wani jan biri da masana ba su san da shi ba sai a 1993, kuma babu shi ko'ina a duniya sai nan.

To ina ruwan Bakatsine? Ruwansa na farko, ruwa ne na zahiri. Ruwan saman da ya sauka a Dutsin-Ma ya taru a madatsar Zobe, kogin Karaduwa ne, wanda yake zuba a Bunsuru, Bunsuru ta zuba a Rima. Kogin Gada da aka datse a Jibiya yana tsallakawa Nijar ya zama Gulbin Maraɗi, ya sake dawowa Najeriya ya haɗu da Rima ɗin nan. Rima ta haɗu da kogin Sakkwato, su wuce Argungu da Birnin Kebbi su faɗa Kwara. Daga nan sai Yawuri, Kainji, Jebba, Lakwaja inda Binuwai take shigowa, Anacha, sannan kogin ya rabu rassa ya bazu cikin kurmin da nake ba ku labari. Ba duk ɗigon da ya bar Katsina ne yake kaiwa ba, rana da yashi da gonaki suna shan rabonsu. Amma hanyar ɗaya ce, kuma mu ne a sama. Ledar da muka cusa a kwata da ragowar maganin feshi da aka wanke a bakin rafi ba sa hawa tudu, gangarawa suke yi.

Akwai kuma abin da muke tarewa. Taɓon da itacen nan yake tsaye a kai ƙasa ce da kogi ya kwaso daga arewa shekaru dubbai. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, aka bi da Jebba da Shiroro, wani kaso na wannan laka yana kwanciya a bayan madatsun ba ya kaiwa bakin teku, teku kuwa ba ta daina cin gaɓa ba. Ban ce a rushe madatsa ba. Da su ake noman rani, daga su wutar da take zuwa mana take fitowa. Abin da nake cewa shi ne mun amfana, wani ya biya wani ɓangare na kuɗin, ya kamata mu san da haka.

Ruwansa na biyu shi ne kuɗi, kuma nan ne maganar take da nauyi. Tun da aka sami mai a Oloibiri a 1956, arzikin ƙasar nan daga ƙarƙashin wannan taɓo da tekun da take gabansa yake fitowa. Kason da ake rabawa jihohi duk wata a Abuja, wanda da shi ake biyan albashina na malamin makaranta, da shi ake zuba kwalta daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Guga, babban ɓangarensa kuɗin mai ne. Hausawa suka ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mun ci, muna kan ci.

Yanzu ku tuna ƙofofin numfashin nan na jikin saiwa. In bututu ya fashe, ɗanyen mai yana yawo a saman ruwa. Ruwa ya cika ya ɗaga shi, ya janye ya shafe shi a jikin saiwoyi kamar an yi musu fenti, ya toshe ƙofofin. Itacen ya shaƙe a tsaye. Ganye ya yi rawaya ya zube, bayan wasu watanni sai ka ga fili na kututture baƙaƙe, babu ƙaguwa, babu tsuntsu, babu motsi. Man kuma yana nutsewa cikin taɓon da ba iska, ya zauna shekaru bai lalace ba. A 2011 hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoton bincikenta kan ƙasar Ogoni ta jihar Ribas. A Nisisioken Ogale ta sami rijiyoyin da mutane suke sha ɗauke da sinadarin benzin mai haddasa sankara, ninki 900 na abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da shi. Ta ce gyaran yankin zai iya cin shekara 25 zuwa 30, ta ba da shawarar a fara da dala biliyan 1. Mu da muka san darajar rijiya, mu da tarihin Daura kansa a bakin rijiyar Kusugu ya ginu, bai kamata a yi mana dogon bayani kan abin da ake nufi da rijiyar gari ta zama guba ba. A garin Bodo kuma, shi ma a ƙasar Ogoni, malalar mai ta 2008 da wadda ta biyo bayanta sun kashe kurmi mai faɗi, sai a 2015 kamfanin Shell ya amince ya biya mutanen garin fam miliyan 55 bayan shari'a a Landan. Ƙasar Ogoni kuwa ƙananan hukumomi huɗu ne kacal. Kwamitin da jihar Bayelsa ta kafa ya ƙiyasta a 2023 cewa gyaran jiharsu kaɗai zai ci dala biliyan 12.

Abin da ya kamata ya ƙara mana kunya, ko kuma ya ƙara mana ƙarfin gwiwa, shi ne 'ya'yan jihar nan biyu sun taɓa sa hannu a wannan lamari. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ne ya kafa ma'aikatar Neja Dalta a 2008, ya yi afuwa ga masu ɗauke da makamai a 2009, dubban matasa suka fito daga cikin waɗannan rafuka suka ajiye bindiga. A zamanin Muhammadu Buhari aka ƙaddamar da aikin tsabtace Ogoni a 2016, a garin Bodo ɗin nan. Aikin ya yi tafiyar hawainiya, an yi ta ƙorafi a kansa, amma an fara dashen mangurof a wasu wuraren da suka mutu. Dattijanmu sun gane cewa zaman lafiyar bakin ruwa da albashin Katsina igiya ɗaya ta ɗaure su. Ban ga dalilin da zai sa wakilanmu na yanzu su yi kamar ba su gane ba.

Na san abin da za a ce mini, don an sha faɗa mini a majalisarmu ta bayan la'asar. Za a ce ai mutanen yankin ne suke fasa bututu su saci mai su dafa shi a daji. Gaskiya ne, ana yi, kuma ɓarnar da wannan haramtacciyar matata take yi ba kaɗan ba ce, baƙin hayaƙin da ya riƙa sauka a kan Fatakwal tun daga 2016 shaida ne. Gaskiya ne kuma masunta da kansu suna saran mangurof su banda kifi, don itacensa yana ci ko da ɗanye. Amma mu da muke nan mun fi kowa sanin cewa ɓarayin daji ba su ne mutanen ƙauye ba. In wani a Legas ya ce mutanen Batsari da Safana su suka jawo wa kansu, ranmu zai ɓaci, kuma da gaskiyarmu. Matar da take tsintar dodon koɗi ba ta da jirgin dakon mai. Ita da matar da take saran ice a dajin Rugu don ta dafa tuwo matsalarsu ɗaya, babu wani makamashin da suke iya saya.

Za a kuma ce muna da namu: tsaro, yunwa, hamada. Wannan ma gaskiya ne, kuma ba na neman a ɗauke ko sisi daga nan a kai can. Sai dai hamadar ce ma ta sa ya kamata mu fi kowa fahimta. Katsina na cikin jihohi 11 da ake dasa katangar itatuwa don tare rairayi. Mangurof ita ce katangarsu, su teku take korowa, mu Sahara. Har baƙin haure na tsiro muna da irinsa. A 1906 Turawa suka kawo wani ɗan kwakwa mai suna nipa daga Singafo suka dasa a Kalaba, yau ya mamaye gaɓa, duk inda aka sare mangurof shi yake riga kowa zama, kuma masunta sun ce mini kifi ba ya haihuwa a gindinsa kamar yadda yake yi a na asali. Duk wanda ya ga yadda kacala ta toshe hanyoyin ruwa a fadamar Haɗeja da Nguru ya san irin wannan baƙin ciki. In ɗan majalisar Katsina ya tsaya wa kurminsu, yana da bakin da zai nemi ɗan majalisar Bayelsa ya tsaya wa dashenmu da asusun kula da muhalli. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Ƙasar da take buƙatar kifi sama da tan miliyan 3 a shekara, tana samar da abin da bai kai rabi ba, ragowar sai an sayo na ƙanƙara da dala, ba ta da rarar ɗakin renon kifin da za ta bari ya mutu.

Saura abu ɗaya, wanda shi ba ya buƙatar majalisa ko kasafi, a hannunmu yake. Ayu.

Kowa a nan ya san man ayu. Ana tallarsa a cikin kayan mata, a kasuwa, a gidajen biki, yanzu har a Facebook da WhatsApp. Amma mutum nawa ne suka san mene ne ayu? Ba kifi ba ne. Dabba ce mai shayarwa, mai numfashi da huhu, tana kai tsawon mita 3 ko fiye, nauyinta ɗaruruwan kilo. Ba ta da faɗa, ba ta cin kowa, ciyawar ruwa take kiwo kamar saniya, a bakin teku kuma tana miƙa leɓe ta tsinki ganyen mangurof da ya sunkuyo. Tana rayuwa daga ruwan gishiri-gishirin nan har cikin Binuwai da Kwara. Cikinta kusan shekara guda ne, ɗa ɗaya take haifa, ta yi ta shayar da shi, sai bayan shekara biyu ko uku ta sake. Dabbar da take haihuwa haka ba ta jure farauta. Sau ɗaya na gan ta, da asuba, hanci kawai ta fito da shi ta ja numfashi mai ƙara kamar na mutumin da ya gaji, ta koma. Dattijon da yake tuƙa mu ya tsayar da filafili, ya yi shiru har ruwan ya kwanta. Ya ce yana yaro ba a mako ba a gan su ba.

Dokar kare dabbobin da suke fuskantar ƙarewa ta 1985, wadda aka yi wa gyara a 2016, ta hana kashe ayu da cinikinta, kuma tun 2013 yarjejeniyar duniya ta hana fataucinta tsakanin ƙasashe. Amma mafarauci ba ya kafa tarko sai ya san akwai mai saye, kuma kasuwar man ayu da Hausa ake cinta. In abin da yake cikin kwalbar na gaske ne, an kashe dabbar da doka ta hana, wataƙila an bar ɗanta ya mutu da yunwa. In jabu ne, an cuci 'yar'uwarmu an sa ta shafa abin da ba ta san mene ne ba, kuma sunan ya ci gaba da tsada, wanda shi ne yake tura wani ya nemo na gasken. Ina roƙon malamanmu su taɓo wannan a wa'azi, kamar yadda suke taɓo tauye mudu. Ina roƙon malaman makaranta irina, in mun zo darasin koguna, kada mu tsaya a Lakwaja, mu bi ruwan da yara har inda ya ƙare. Wakilanmu na Abuja kuma, in an zo zaman kasafin aikin tsabtace Ogoni ko na hukumar da take bin diddigin malalar mai, su zauna a kujerunsu, su tambayi inda kuɗin ya shiga da adadin itacen da ya kama.

Wata mai zuwa za a aurar da 'yar yayata. Jiya da daddare na je gidan, na tarar ana lissafin kayan gyaran amarya, na ji an ambaci man ayu. Na ce, "Yaya, don Allah a cire wannan." Ta dube ni ta ce, "Kai kuma ina ruwanka da kayan mata?" Na zauna a bakin tabarma na ba ta labarin asubar nan, da hancin da ya fito ya ja numfashi, da ɗa ɗaya a shekara uku. Ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta tambaye ni, "Wai da gaske nono take ba shi?" Na ce da gaske, a ƙarƙashin hannunta yake kamawa. Ta karɓi biron daga hannun 'yarta ta ja layi a kan sunan, ta ce a ƙara kuɗin a na turaren wuta.